Katin Sauti Ba Zai Jiyo Maka Takun Abokin Gaba Ba

Ƙanena ne ya tayar mini da wannan magana. Ya haɗa sabuwar kwamfuta domin wasa, ya sa mata katin hoto mai ƙarfi, sai ɗan abin da ya rage masa a hannu ya ce a katin sauti zai zuba shi. Dalilinsa kuwa, a wasan harbi ana yawan zagayo masa ta baya a kashe shi bai ji takun kowa ba, kuma wani ya gaya masa cewa sautin da ke zuwa manne a jikin madabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa, na masu kallon bidiyo ne kawai, mai wasa na gaske sai da kati. Na ce ya miƙo mini abin da yake saƙalawa a kunne. Da na bi wayar zuwa ƙarshenta, sai na ga bakinta na USB ne. Na ce masa, "Ƙanena, ko katin da ya fi kowanne a duniya ka sayo, wannan hedfon ɗin ba zai taɓa sanin ka saya ba."

Ra'ayina ke nan tun daga farko, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: ga mafi yawan masu wasa a kwamfuta a yau, katin sauti na musamman ba ya ƙara musu komai da kunne zai iya kamawa. Ba ya sa ka ji abokin gaba da wuri, ba ya ƙara wa wasan gudu. Akwai 'yan wuraren da yake da rana, zan zo kansu, amma ko a can ɗin ma yawanci akwai abin da ya fi shi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗauko gaskiyar 1998 a sayar wa yaron da aka haifa bayanta da shekaru, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu domin ya ji ta daga bakin wanda ya girme shi a harkar.

Kuma a da gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar mutuwa. Kwamfutar IBM ta 1981 ba ta da abin sauti sai 'yar ƙaramar sifika a ciki mai yin "ɗit, ɗit". A 1987 katin AdLib ya fito da ƙwayar lantarki ta kamfanin Yamaha, wasanni suka fara yin kiɗa na gaske. A 1989 kamfanin Creative na ƙasar Singafo, wanda marigayi Sim Wong Hoo ya kafa, ya fito da Sound Blaster, wanda ya haɗa kiɗan da iya fitar da murya da ƙarar bindiga da aka naɗa. A wancan zamanin ba tambayar wanne ya fi ake yi ba. In ba ka da kati, wasanka kurma ne. Duk wanda ya yi wasa a kan DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ya karɓe fage, yana tuna zaman saita lambobi kafin a ji ko uffan: adireshi 220, IRQ 5, DMA 1, ka yi kuskure ɗaya wasan ya buɗe tsit.

Ƙarshen shekarun 1990 shi ne ganiyar abin. Kamfanin Aureal ya zo da fasahar A3D mai sa ka ji daga ina sauti yake fitowa, Creative ya mayar da martani da tasa fasahar mai suna EAX a katin Sound Blaster Live! na 1998. A lokacin katin ne da kansa yake lissafin inda sauti yake fitowa, da yadda amsa-kuwwa za ta kasance a kogo ko a ɗakin ƙarfe ko a ƙarƙashin ruwa. Wasa irin Half-Life na 1998, in ka buga shi da irin wannan kati ka kuma buga shi babu, kamar wasanni biyu ne daban. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar lokacin, wato ƙwayar da ke yi mata lissafi, reshe ɗaya gare ta tilo, ba ta da ƙarfin a-zo-a-gani, don haka duk aikin da kati ya ɗauke mata, wasan zai ɗan ƙara gudu. Sautin madabod na farko-farko kuwa, na ƙa'idar AC'97 da Intel ya fitar a 1997, sau da yawa cike yake da tsuwwa. Wanda ya ce maka a 2001 ka sayi kati, ya yi maka nasiha ta gari. Ni kaina na ƙaunaci waɗannan katuna, har yau ina jin wani abu a raina in na tuna ranar da na fara jin taku yana zagaya kaina daga hagu zuwa baya.

Sai dai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Aureal ya durƙushe a 2000 bayan doguwar shari'a da Creative, wanda daga baya ya saye abin da ya bari. A 2004 Intel ya kawo ƙa'idar High Definition Audio, sautin madabod ya yi tsalle ya wuce inda yake. Babbar guduma kuwa ita ce Windows Vista, wanda ya isa hannun jama'a a farkon 2007. Microsoft ya sake gina tsarin sauti gaba ɗaya, ya toshe hanyar da wasanni ke bi ta DirectSound3D su miƙa wa kati aikin lissafi kai tsaye. Daga nan haɗa sauti ya koma aikin manhaja a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Creative ya fitar da manhajar ALchemy domin tsofaffin wasanni su ci gaba da samun EAX ta wata ɓarauniyar hanya mai suna OpenAL, amma masu ƙera sababbin wasanni sun riga sun juya baya. Yau injin wasan ne ke yin duk lissafin, shi ke sanin cewa akwai bango tsakaninka da mai harbi, shi ke dusashe ƙarar, shi ke ƙara amsa-kuwwa. Ƙwaƙwalwa mai rassa shida ko takwas kuwa, wannan aikin bai kai ya sa ta gumi ba. Maganar cewa kati zai ƙara maka yawan hotuna a daƙiƙa ta mutu tun wancan lokacin, gawarta ce kawai ake ta yawo da ita.

To me ya rage wa katin? Aiki biyu. Na farko, ya karɓi lambobin da wasa ya gama dafawa ya mayar da su igiyar lantarki, wannan shi ne aikin abin da ake kira DAC. Na biyu, ya ƙara wa igiyar ƙarfi har ta iya motsa 'yan sifikun da ke cikin hedfon, wato aikin amfilifaya. Shi ke nan. Kuma waɗannan ayyuka biyu su ne dai madabod ke yi da ƙwayarsa, wadda galibi ta kamfanin Realtek ce ta Taiwan.

A nan ne ake ruɗa mutane da lambobi. Za ka ga an rubuta a kwalin kati bit 32, da kilohaz 384, da desibel 122 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kamar yadda yake a katin Sound BlasterX AE-5 na 2017. Lambobin ba ƙarya ba ne. Amma ƙwayar Realtek ALC1220 da ke kan madabod masu ɗan kyau, kamfaninta ya ce tazarar sautinta da hayaniyarta desibel 120 ce. Faifan CD, wanda aka yi shekara da shekaru ana jin kiɗa da shi ba a ce yana tsuwwa ba, bit 16 ne, tazararsa kimanin desibel 96. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne wajen kilohaz 20, wato sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru, shi ya sa ɗaukar sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa ya riga ya rufe duk abin da za mu iya ji. Wasanni da yawa ma a kan 48,000 ɗin suke fitar da sautinsu, kuma fayilolin sautin an matse su domin kada wasan ya cika faifai. Yanzu ka zauna kusa da akwati mai fanka biyar tana huci, ana ta ruwan harsashi a kunnenka, ka ce za ka bambance desibel 120 da 122? Bambanci ne na na'urar awo. Kunne ba ya zuwa wurin.

Abin da ƙanena yake nema a zahiri ba tsabtar sauti ba ce, sanin wuri ne: daga ina takun yake zuwa? Wannan kuwa yana da kyau mutum ya fahimci yadda yake faruwa, domin da ya fahimta zai daina neman sa a inda ba ya nan. Idan ƙara ta fito daga damanka, tana riga isa kunnen dama kafin na hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma kanka yana tare wani ɓangare nata, sai ta isa kunnen hagu a raunane. Da wannan ƙwaƙwalwarka ke gane hagu da dama. Gaba da baya, sama da ƙasa kuwa, lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ne ke canza launin ƙarar gwargwadon inda ta fito. Masana sun auna waɗannan canje-canje suka mayar da su lissafi, shi ake kira HRTF. Wasan da ya sa wannan lissafin a cikin injinsa zai iya sa ka ji mutum yana tafiya a benen da ke saman kanka da hedfon mai sifika biyu kacal. Kamfanin Valve ya sa shi a wasan Counter-Strike: Global Offensive a ƙarshen 2016. Microsoft ya sa Windows Sonic kyauta a cikin Windows 10 a 2017, ga kuma Dolby Atmos da DTS na hedfon ga mai so. Dukansu manhaja ce. Suna gama aikinsu tun kafin sautin ya isa kati ko madabod, kuma ba ruwansu da wanne zai karɓa.

Har ma akan yi ɓarna ta nan. Mutum ya kunna sautin wuri na cikin wasa, ya kuma kunna "kewaye 7.1" na manhajar kati a kansa, wanda ke kwaikwayon sifiku takwas a cikin hedfon. An yi wa sauti lissafi sau biyu ke nan, sai ya dagule, ya zama kamar kana cikin rijiya, taku ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na sha ganin wanda ya ce ba ya jin inda ake harbinsa, da aka kashe masa ɗaya daga ciki sai ga komai ya fito raɗau.

Sannan ga mutanen da katin ba zai ko shiga hanyar sautinsu ba, kuma suna da yawa ƙwarai. Hedfon na USB yana da nasa DAC da amfilifaya a ciki. Mara waya, mai ɗan makulli da ake cusawa a USB, haka. Na Bluetooth haka, kuma shi matsalarsa ma jinkiri ce, wadda babu katin da zai warkar. Wanda ke jin sauti ta talabijin ko allon kwamfuta ta wayar HDMI ko DisplayPort, katin hoto ne ke aika masa lambobin kai tsaye. Duk waɗannan in sun sa katin sauti, zai zauna ne a cikin akwati yana shan wuta a banza, yana haskaka fitilunsa masu launi.

Yanzu bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin na ɗanɗana da kaina. Na taɓa yin wata kwamfuta da in na sa hedfon na yi shiru, sai in ji wani siririn "tsiiii" can ƙasa. In na motsa linzami, tsuwwar ta bi hannuna, in na ja shafi ƙasa ta canza murya. Da na buɗe wasa katin hoto ya fara jan wuta, sai ta koma kamar ƙudan zuma sun shiga kunnena, kuma tana hawa tana sauka tare da yawan hotunan da ke fita. A wurin da ake artabu ba na jin ta, amma a wurin da wasa ya yi tsit, inda ake son ka kasa kunne, nan take cika mini kai. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ba laifin ƙwayar sautin ba ne. Cikin akwatin kwamfuta wuri ne mai hayaniyar lantarki, igiyar sauti kuwa 'yar siririya ce, duk abin da ya gifta kusa da ita sai ya bar mata tabo. Madabod biyu za su iya ɗaukar ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya fito tas ɗaya yana kuka, saboda yadda aka shimfiɗa layukan da yadda aka killace su. Abin da na fara yi shi ne na zare hedfon daga ramin gaban akwati na mayar da shi ramin baya. Rabin tsuwwar ta tafi nan take, domin wayar da ke kai sauti gaba doguwa ce, tana ratsawa ta gefen katin hoto da wayoyin wuta. Sauran rabin bai tafi ba sai da na fitar da aikin sautin daga akwatin gaba ɗaya.

Wuri na biyu shi ne ƙarfi. Yawancin hedfon na wasa taurinsu, wato yadda suke turjiya wa wutar lantarki, wajen om 32 ne, ko wayar hannu ma tana iya tuƙa su. Amma akwai irin su Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 990 da ke zuwa da om 250, har da mai 600. Irin waɗannan in ka cusa su a madabod mai rauni, za ka ƙure ƙara ka ji har yanzu kamar daga ɗaki na gaba ake magana. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: ramin sautin kansa yana da nasa taurin, kuma a madabod da yawa yana da yawa, gomman om. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kada taurin rami ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na taurin hedfon. In ya wuce, wasu hedfon sai gangarsu, wato sautinsu mai kauri, ta kumbura ta yi laushi, ta danne ƙananan ƙararraki irin su taku da sauya harsashi. A nan kati mai amfilifaya ta kirki zai kawo canjin da kowa zai ji, ba sai masani ba. Haka ma makirufo: ramin makirufo na madabod shi ne ya fi kowane ɓangare rauni, in ka ƙara masa ƙarfi sai abokan wasanka su riƙa jin "shuuu" a bayan muryarka.

To ko ba shi ke nan kati ya yi nasara ba? A'a. Duba cututtukan da kyau: hayaniyar cikin akwati, da ƙarancin ƙarfi, da makirufo mai shuuu. Katin da ake cusawa a ramin PCIe da ke jikin madabod yana komawa ne cikin wannan akwatin dai, sau da yawa ma dab da katin hoto, tushen hayaniyar. Masu kyau suna da murfin ƙarfe kuma suna yin shiru, ban musa ba. Amma ɗan akwatin DAC da amfilifaya na USB da ke zaune a kan tebur ya yi nesa da fitinar, yana da maɓallin ƙara a kusa da hannunka, yawancinsu ba sa bukatar wata manhaja, kuma gobe in ka koma laftof ko ka sake kwamfuta zai bi ka. Katunan hoto na yanzu ma sun yi ƙiba, suna cin rami uku, sukan rufe ɗan ramin da katin sauti zai shiga, ƙananan madabod kuwa rami ɗaya gare su tal. Shi kansa Creative ya daɗe yana sayar da irin na wajen. Ga wanda hedfon ɗinsa ba mai taurin kai ba ne, ko 'yar guntuwar wayar nan ta USB-C mai ramin hedfon da ake yi wa wayoyin hannu takan kashe tsuwwa, domin akwai DAC a cikinta.

Wanda zan ce wa ya sayi kati na ciki ba tare da na yi jim ba, mutum biyu ne. Mai sifiku shida na kewaye masu shiga da wayoyi uku, wanda sabon madabod ɗinsa ya zo da ramuka biyu ko uku kacal. Sai mai haɗa tsohuwar kwamfuta da Windows XP domin ya ji wasannin farkon shekarun 2000 da EAX yadda masu su suka tsara. Wannan na biyun, ya nemi tsofaffin katunan Creative, Audigy ko X-Fi, Allah ya ba da sa'a, zai ji abin da manhaja ba ta gama kwaikwaya ba.

Na san za a ce, "Ni fa na sa kati, kuma wallahi na ji bambanci." Ban ƙaryata kowa ba, ya ji ɗin. Tambayar ita ce me ya ji. Kunne yana da wata ɗabi'a: in aka ba shi sauti biyu iri ɗaya, ɗaya ya ɗan fi ƙara kaɗan, zai ce mai ƙarar ya fi kyau, ya fi faɗi, ya fi fitowa. Kati kuwa kusan kullum ya fi madabod ƙara. Ƙari a kan haka, manhajarsa takan zo da gyare-gyare a kunne tun daga kwali, an ɗaga ganga, an wasa saman sauti. Har akwai yanayin da aka yi musamman domin fito da taku, irin Scout Mode na Creative. Yana aiki, amma abin da yake yi shi ne ɗaga wasu muryoyi da matse tazarar da ke tsakanin ƙara mai ƙarfi da mai rauni. Manhajar Equalizer APO ta kyauta tana ba ka damar ɗaga muryoyin da kake so, wasanni da yawa kuma suna da zaɓin matse sautin a cikin saitinsu, wani lokaci da sunan yanayin dare. In kana son gwaji na gaskiya, ka kashe duk gyare-gyaren, ka daidaita ƙarar biyun daidai wa daida, ka juya baya wani ya riƙa sauya maka waya ba ka gani, sau goma. Idan madabod ɗinka ba mai tsuwwa ba ne kuma yana iya tuƙa hedfon ɗinka, ina da yaƙinin lissafinka zai tashi kamar na mai canke.

Inda bambanci yake zaune, wanda ba ya bukatar rufe ido, shi ne abin da ke manne da kunnen. Tsakanin DAC biyu masu lafiya, saɓanin ɗan ɓurɓushin desibel ne. Tsakanin hedfon biyu kuwa, wata murya za ta iya bambanta da desibel goma. Hedfon da aka cika wa ganga domin fashewar bam ta girgiza kai, shi ne ke binne taku. Wanda sifikarsa ta hagu da ta dama ba su daidaita ba, zai ja maka abokin gaba gefe guda alhali yana tsakiya. Mai buɗaɗɗen baya yakan ba da faɗi da sanin wuri fiye da rufaffe, in dai ɗakinka shiru ne. Hatta soson kunne in ya tsufa ya lotse, sautin ya canza. Kuɗin da za a kai wa kati, in aka ɗora shi a kan na hedfon, nan ne mutum zai cire ya mayar ya ce lallai an yi canji.

Shi dai ƙanena, ranar ba mu sayi komai ba. Muka shiga saitin wasansa, muka tarar an bar shi a kan sifiku na kewaye alhali hedfon ne a kansa. Muka mayar da shi kan hedfon, muka kunna sautin wuri na wasan, muka kashe 7.1 ɗin da manhajar hedfon ta ɗora masa, muka rage gangar da ya ƙure. Ya shiga zagaye na gaba, ya laɓe a bayan wata ƙofa, can sai na ga ya ɗaga yatsa ɗaya sama ba tare da ya juyo ba. Ya ce, "Yaya, yana kan bene, yana saukowa ta hagu."